Maganaɗisun Kawu Yeh

"Danne da kyau, kar ki bari ta juya," in ji Kawu Yeh.

Shu-chin ta durƙusa ta riƙe tsohuwar filtar mai da hannu biyu, shi kuma ya zagaya bakinta da abin yanka, kamar mai buɗe gwangwanin kifi. Sau biyu abin yana suɓuce masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kawo masa babur juyen baƙin mai, tun da mijinta ya rasu ya bar mata shagon gas da wannan babur da take ɗaure wa tukwanen gas huɗu tana zaga lungunan garin Chaozhou. Bango ɗaya ne tsakanin shagonta da garejinsa, kuma ba ta taɓa ganin wani abu ya suɓuce a hannun tsohon nan ba sai yau.

Duk babur ɗin da ya shiga garejinsa, in dai yana da filta ta ƙarfe, ba ya fita sai da maganaɗisu manne a jikinta. Daga matattun lasifikoki yake ciro su. Sauran makanikai suna yi masa dariya, suna cewa ai filta don tace datti aka yi ta, me kuma za a ƙara mata? Shi kuwa sai ya ce akwai garin ƙarfen da ya fi ƙarfin takardar filta ƙanƙanta, maganaɗisu ne kaɗai ke tsare shi. Ban da haka ma, in ya yanka tsohuwar filta ya duba inda garin ya taru, yakan san lafiyar inji ba tare da ya kwance noti ko ɗaya ba.

Ya sa yatsa ya lakato daga cikin gwangwanin filtar, ya shafa a kan farar takarda, ya matsa bakin ƙofa inda hasken rana yake.

"Kin ga wannan baƙin, mai laushi kamar tawada? Tsufa ne kawai, kowane inji yana yi. To, dubi waɗannan masu ƙyalli."

Ta duba. Ƙananan ɓurɓushi ne, kamar ɓawon kifi.

"Boris ɗin cikin inji ne ya fara cin kansa. Ranar da ya watse kina gangarowa daga gada da tukwane huɗu a bayanki, taya za ta ƙame. Daga nan kuma sai dai mu tsince ki a gonar ayaba."

"Kai, Kawu! Bakinka ba ya faɗin alheri da safe?"

"Alherin ke nan na faɗa miki. Sai an buɗe injin."

Da ya ɗago kai a cikin hasken ne ta ga idanunsa. Farin ya koma ruwan ɗorawa. Ta dubi wuyansa, ta ga rigar da ta saba matse shi tana lilo.

"Kawu, me ke damunka?"

"Zafin gari."

"Zafin garin nan ni ma a cikinsa nake kwana."

Ya daɗe yana goge yatsa da tsumma. Can ya ja kujerarsa ta gora ya zauna, ya faɗa mata ba tare da ya dube ta ba. Hanta ce. Likitan birni ya ce abin ya riga ya yi nisa, ya ba shi wata uku, kuma biyu sun wuce.

"Pei-shan ta sani?"

Pei-shan ita ce 'yarsa tilo, tana aiki a Taipei. Rabonta da gida tun bikin sabuwar shekara, lokacin da suka yi cacar baki a kan ya rufe gareji ya koma wurinta.

"Ba ta sani ba, kuma ba daga bakinki za ta ji ba. In ta ji, gobe za ta zo ta kwashe ni ta kai ni bene na goma sha biyu, ta ajiye ni bakin taga kamar tukunyar fure. Ni a nan zan ƙarasa. Kin ji ni, Shu-chin?"

"Na ji," ta ce.

Kwana uku tana yawo da maganar a ciki. Tana hawa matakala da tukunya a kafaɗa tana tunani, tana haɗa wa tsofaffi tiyon murhu tana tunani. Ranar da mijinta ya rasu, da safe ya fita lafiya lau, ta bi shi da faɗa a kan ya manta da lema, kafin rana ta yi tsaka aka kira ta daga asibiti. Har yau faɗan lemar nan ne maganarsu ta ƙarshe. Ta san Kawu Yeh yana da hakkin ya mutu inda yake so. Amma ta san kuma irin abin da Pei-shan za ta ɗauka har ƙarshen rayuwarta in aka kira ta bayan komai ya wuce.

Rana ta huɗu ta tsaya gindin wata bishiyar mangwaro a bakin hanya, ta kashe babur, ta kira Pei-shan.

Pei-shan ta iso da jirgin ƙasa na yamma. Ta bangon, Shu-chin ta ji muryoyi suna tashi, sannan ta ji kuka, sannan shiru. Washegari da ta kai masa kunun shinkafa da kifi kamar yadda ta saba, tsohon ya juya fuska ga bango.

"Gaya wa mai gas ba na jin yunwa," ya ce da 'yarsa.

Shu-chin ta ajiye kwanon a kan teburin kayan aiki ta fita. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Abin ya tsaya mata a rai, amma da ta tambayi kanta ko ta yi nadama, sai ta ga ba ta yi ba.

A rana ta uku tana ɗaure tukwane, ta buga babur ya tashi, sai ta ji ana dukan ƙarfe da sifana. Kawu Yeh ne a kujerarsa bakin gareji, an lulluɓa masa tawul a gwiwa.

"Kashe shi!"

Ta kashe.

"Ke kurma ce? Ba ki jin ƙarar da yake yi? Don ina fushi da ke sai na zuba ido ki kashe kanki? Sauke tukwanen nan ki turo shi ciki."

"Wa zai yi aikin, Kawu? Hannunka..."

"Hannuna ya mutu, bakina bai mutu ba. Mai ɗaga tukunyar gas zuwa bene na biyar ba za ta kasa kwance noti ba."

Haka aka yi. Ta aika wa abokan cinikinta su yi haƙuri kwana biyu, ta ɗaura tsohon ƙyallen aikin Kawu Yeh a ƙugu. Yana zaune yana ba da umarni, ita tana kwancewa, kowane noti ta jera shi a kan kwali yadda ya ce. In ta yi gaggawa ya daka mata tsawa, in ta yi sanyi ya ce ko shayi take dafawa. Pei-shan tana tsaye daga ƙofar ciki da kayanta na birni, ta harɗe hannu.

Da aka zo cire murfin inji, wani noti ya ƙi. Shu-chin ta fara laluben akwatin sifanu.

"Ba wannan ba," in ji Pei-shan. Ta tako ta zaro wata doguwar sifana daga ƙasan tebur, inda ba wanda zai yi zaton akwai ta. "Lamba sha huɗu ce. Ki ɗan buga mata guduma tukuna, Yaya Chin."

Tsohon ya dube ta ta gefen ido. "Ashe ba ki manta ba."

"Yaya zan manta, Baba? Yaran mutane suna wasan 'yar tsana, ni ina wanke maka boris da kananzir."

"Kuma ba ki taɓa wankewa ya fita ba."

Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu, ta naɗe hannun rigarta ta tsuguna kusa da Shu-chin.

Da suka fito da boris ɗin, sai ga shi duk ya ciccinye, ƙwallayensa sun yi ramuka. Kawu Yeh ya karɓa ya jujjuya shi kusa da kunne, ya miƙa wa Shu-chin.

"Sati biyu ya rage masa, in ya daɗe."

Shu-chin ta ajiye shi a kan kwali. Can waje motar kwasar shara tana wucewa da kiɗanta, maƙwabta suna fitowa da leda a hannu.

Da yammacin rana ta biyu suka gama haɗawa. Sabuwar filta ta hau, aka zuba sabon mai. Tsohon ya nemi a ba shi maganaɗisun, ya goge shi a tawul ɗin gwiwarsa, ya ce a matso da babur. Da kansa ya kai hannu, har ƙarfen ya fizge abin ya manne da 'yar ƙara.

"In kin zo juyen mai, ki bar shi a jiki har sai kin cire filtar, in ba haka ba duk abin da ya kama zai koma cikin inji. Kuma kar ki ɗauka yana ganin komai. Ƙarfe kawai yake kamawa, alminiyam wuce shi yake yi. Sauran sai ki sa kunne."

"To, Kawu." Shu-chin ta goge hannu a tsumma. "Maganar waya kuma..."

"Bakinki ya fi tiyon gas yoyo," ya ce. "Gobe ki rage gishiri a kunun."

Pei-shan ba ta ƙara tayar da maganar Taipei ba. Ta sauko masa da gado ƙasa, ta kafa shi a bayan gareji inda zai riƙa hango titi. Masu babura suka yi ta zuwa, masu kai saƙo, manoman abarba, wani tsohon ma'aikacin gidan waya. Tun kafin mutum ya kashe inji, Kawu Yeh zai faɗi sunansa daga kwance, wani lokaci ya ƙara da cewa sarkarsa ta yi sako-sako. Daga baya ya daina magana, sai dai ya ɗaga yatsa.

Kwana goma sha ɗaya bayan gyaran, da hantsi, Shu-chin ta dawo daga kai gas ta tarar an sauke ƙofar gareji rabi. Pei-shan na zaune a dakali, hannuwanta a cinya.

"Ya tafi, Yaya Chin. Ina yanke masa farce, na gama hannu ɗaya, na ce ya ba ni ɗayan."

Shu-chin ta kafe babur, ta zauna kusa da ita. Ba ta sauke tukwanen ba sai da rana ta karkata.

Ranar da za a ƙona masa kayan takarda bisa al'adarsu, don ya samu na amfani a lahira, aka taru a filin bayan unguwa. Akwai gida mai bene biyu, da akwatin tufafi, da wani jan babur na takarda da gora wanda Pei-shan ta sa aka yi musamman, girmansa ya kai ɗan akuya. Shu-chin ta sunkuya tana dubawa, sai ta taɓo Pei-shan.

"Dubi inda suka liƙa sarkar. Ba ta ma taɓa taya ba."

Pei-shan ta duba, ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. "Da tuni ya kore su daga filin nan."

Aka sa wuta. Gidan ne ya fara kamawa, sannan akwatin. Babur ɗin ya ɗan jima a tsaye a tsakiyar harshen wutar, zafi ya ɗaga tayar gaba, ta juya a hankali sau ɗaya, sau biyu, kafin takardar ta yi baƙi.