Baturiyar Motar Alhaji Aƙilu

Mijina Wakil zai iya tuƙa mota daga Bama zuwa Maiduguri ido rufe, amma lokacin da gudun hijira ya jefo mu Bagadaza ko lungu ɗaya bai sani ba a Gombe. Duk da haka Alhaji Aƙilu na Kumbiya-Kumbiya ya ɗauke shi direba. Babban ma'aikacin gwamnati ne, ga tumbi ga son a sani, kuma yana da wata na'ura maƙale a gilashin motarsa mai nuna taswira, da muryar wata Baturiya a ciki tana cewa a yi dama, a yi hagu. Wallahi ko 'ya'yan cikinsa bai yarda da su kamar yadda ya yarda da matar nan ba.

"Ba sai ka san gari ba," ya ce wa Wakil. "Inda ta ce ka bi, ka bi. Kar in ji ka tsaya tambayar masu shayi kana zubar min da mutunci."

To ita baiwar Allah taswirarta ta zamanin zaman lafiya ce. Ba ta da labarin an datse tituna da durom-durom da buhunan yashi.

Ana shirin bikin Najeeba, 'yar Alhaji, sai ya aiki Wakil da kayan kicin zuwa gidan da za ta zauna, can bayan Tudun Wada. Da hannunsa ya danna wa na'urar wurin. Ita kuwa ta ja Wakil ta wani titi inda a da akwai masaukin baƙi, yanzu sojoji ne a ciki, an hana kowa bi. Ku duba min: Babarbare da tsage a fuska, Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, ga tukunyar gas a but ɗin mota. Ko kalma biyu ba su bari ya haɗa ba, suka tsare shi.

Washegari Alhaji ya ɗaga waya, aka kawo masa motarsa har gida. Mijina kuwa shiru. Wani saje mai suna Matiyu, da ya gaji da ganina kullum a tsugune nesa da shingen, shi ya taka ya zo ya gaya min abin da Alhaji ya faɗa a wayar: wai bai san mutumin ba, sace motar aka yi a ƙofar gida.

Na je na durƙusa wa Alhaji a tsakar gidansa, gwiwa biyu, ni Halima da ban taɓa durƙusa wa wani namiji ba sai ubana.

"Na'urar nan ba ta ɓata hanya," ya ce, yana saƙace haƙori. "In ya je inda bai kamata ba, shi ya san abin da ya kai shi. Ku mutanen Barno kar ku jawo min."

Ko sunan titin bai tambaya ba. Tsinanne! Na fito ina kuka, amma kafin in kai Bagadaza hawayen sun bushe, abin da ya rage a ƙirjina wuta ce.

Saje Matiyu bai ɓoye min komai ba. "Baiwar Allah, in mai motar ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban oga cewa direbansa ne, magana ta canza. In ba haka ba za a wuce da shi gaba, kuma inda za a kai shi ba a zuwa dubiya."

Sana'ata turaren wuta da humra, abin da na gada wurin kakata. Ba a ɗaga biki ba, ina ruwansu? Har Hajiya Safiyyatu, matar Alhaji, ta aiko wai in zo in turara ɗakin amarya ranar jere, ko kunya babu. Na so in kori 'yar aiken da muciya. Sai na ji ta ce ba a samu sabon direba ba, Alhaji ne da kansa zai kai mu da sauran kaya. Na ce a gaida Hajiya, ina nan zuwa.

Ana gobe jere na sami Saje Matiyu. "Gobe da hantsi in kun ga baƙar jif ta shigo titin nan, don Allah kar ku yi harbi. Ni ce a ciki, na kawo muku mai motar."

Ya yi dariya, ya ce zai gani.

Mu uku ne a motar: Alhaji, da wata gwaggon amarya da ta zo daga Dukku, ita ma ba ta san gari ba, sai ni a baya rungume da kasko da kwalaben turare. A but an saka sabuwar tukunyar gas, tunda ta farko tana hannun sojoji. Alhaji ya tada mota bai kunna na'urar ba. Na tausasa murya kamar mutuniyar kirki.

"Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa jin Baturiyar nan da ake faɗa ba. Da gaske wai ta san gidan Najeeba?"

Nan take ya kumbura. "Ke, wannan ta san gidan kowa a duniya. Bari ki ga ilimi."

Ya danna, ta fara yarenta. Muka ratsa Tudun Wada, muka wuce teloli da masu tuyar awara, har mahaɗar da kowace mota ke karkatawa hagu. Baturiya ta ce a miƙe. Na kama bakina gam. Alhaji ya miƙe.

"Kun gani?" ya ce, yana nuna wani ɗan hoton cokali da wuƙa a jikin taswirar. "Har gidan abincin da ke gaba ta sani."

"Aƙilu, wannan titi ba kowa fa," in ji gwaggo.

Ba ta rufe baki ba muka ji tsawa. Durom-durom a gabanmu, bakin bindigogi ta kan buhuna. Alhaji ya taka birki har hularsa ta faɗo. Aka ce mu fito hannu sama, aka buɗe but, aka ga tukunyar gas. Sai ga Alhaji Aƙilu a durƙushe kan kwalta mai zafi, babbar rigar shadda tana sharar ƙasa, gwiwa biyu kamar yadda na yi masa. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Ogan sojojin ya fito, Saje Matiyu na bayansa. Ya dubi lambar motar. "Wannan motar kuma? Da gas kuma?"

"Na'ura ce, yallaɓai! Wallahi na'ura ce ta kawo ni! Ni babban ma'aikaci ne, ku tambayi matar nan, ta san ni!"

Oga ya juyo gare ni. "Kin san shi?"

Na dubi Alhaji sama da ƙasa, ban yi gaggawa ba.

"Ban san shi ba."

"Halima! Ki ji tsoron Allah! Yallaɓai, matar direbana ce!"

"Wane direban?" in ji Saje Matiyu.

"Wakil! Wakil direbana, wanda ke hannunku! Shi ma ita ta kawo shi nan, ni na aike shi da kayan 'yata!"

"Ba kai ka ce sace motar aka yi ba?" in ji oga.

Ƙofar motar na buɗe, Baturiya tana ta nanata abu ɗaya a ciki, wai mun kusa isa.

A nan ya wuni, ya maimaita maganar a gaban duk wanda aka kira. Ni da gwaggo aka sallame mu. Ban turara ɗakin kowa ba, na ɗauki kaskona na tafi gida a ƙafa.

An sako Wakil kafin a wuce da shi, ya rame kamar ba shi ba. Hajiya ta aiko da atamfa da buhun shinkafa, wai a yi haƙuri a yafe, na mayar mata da kayanta. Tun dukan da ya sha a can, kunnen Wakil na hagu har yau ba ya ji. In zan gaya masa abinci ya nuna, sai na zagaya ta damansa. Ban yafe ba.