Eriyar Kafinta

Tun da ƙafafun matarsa suka daina ɗaukar ta, Kafinta bai yarda kowa ya taya shi jinya ba. Ɗakinta na can ƙurya, inda waya ba ta samun sabis. Ita kuwa ba abin da ke riƙe da ranta kamar muryar 'yarsu da ke aure a nesa. Sai ya sayo wani ɗan akwati mai ƙara ƙarfin sabis a kasuwa, ya hau kwano da kansa ya kafa masa eriya. Tun daga ranar take kwance tana hira har caji ya ƙare.

Tun daga ranar kuma wayar tela maƙwabcinsa ta fara yankewa. Ta mai shago ma haka. Kafinta ya ji suna ƙorafi, bai kawo akwatinsa a rai ba.

Wata rana da hantsi yana goge katako a ɗakin gaba, inda yake aikinsa, sai ga ma'aikaciyar kamfanin waya a bakin ƙofa da na'urar awo a hannu.

"Sannu da aiki, Baba. Eriyar nan ta sama taka ce?"

"Kwanona ne, eriyata ce."

"Kwanonka ne kam. Amma iskar da take magana a ciki rabe take. Turken sadarwa ke ba kowace waya layinta da lokacinta. Akwatinka ba ya jiran a ba shi, ihu yake a kan layin kowa."

"'Yar nan, iskar ma sai an yanka wa mutum kamar fili?"

"Sai an yanka, Baba. Tela ya ce uwarsa ta yi fushi, wai da gangan yake katse mata waya."

Kafinta ya ajiye katakon. Bai roƙe ta ba, shi ba ya roƙo. Ya dai kai ta ƙurya ta ga mai kwanciya da idonta.

Ma'aikaciyar ta gaishe ta. Sannan ta ce ya kashe akwatin, ta bi gidan lungu-lungu tana duba waya. Ko'ina babu. Sai a bakin tagar ɗakin gaba sabis ya cika, daidai inda teburin aikinsa yake.

Ya dubi teburin. Shi ya ƙera shi, bai taɓa matsar da shi ba. Idonsa ya yi rauni, da hasken tagar nan kaɗai yake ganin zanen fensir a jikin katako.

Matarsa ta ɗaga murya daga ciki. "Malam, sallami yarinya ta tafi. Teburin nan ya riga ni shiga gidan, ba don ni zai tashi ba."

"Wa ya tambaye ki?" in ji shi.

Ya jingina tsani, ya hau ya kwance eriyar. Da ya sauko bai koma ciki ba. Ya tsaya a ƙofar tela, ya kira shi.

"Zo ka kama mini kaya."

Suka shigar da teburin ƙurya da ƙyar, suka fito da gadon bakin taga. Kafin la'asar wayar matarsa ta yi ƙara. Daga ƙurya yana jin dariyarta, ya kunna ƙwan lantarki, ya matso da katako dab da fuskarsa yana neman zanen.