Wuƙar Bahaguwa

Mace ɗaya ce a ɗakin cire ƙashi na kamfanin naman, ita ma gwaji take yi. In lokacin gwajin ya ƙare manaja bai gamsu da saurinta ba, za ta koma inda ta fito, ɗakin wankin kayan ciki, inda mata ke wuni a tsaye cikin ruwa da warin tumbi har fatar yatsunsu ta yi fari ta tattare. Ta daɗe a can. Ko a mafarki ba ta son sake ganin hanjin saniya.

Bahaguwa ake ce mata, don da hagu take riƙe wuƙa. Kamfanin ne ya wayi gari da sabuwar magana, wai dole a ba ma’aikata mata dama a kowane sashe. Aka kawo wata Madam aka ba ta ofis mai labule don ta kula da hakan, aka ɗauki Bahaguwa hoto da farar hula, aka ce ta yi murmushi, ta yi. Ba wanda ya tuna cewa teburin aikin daidai ƙugun namiji aka ƙera shi, sai ta taka katako take kaiwa. Safar ƙarfen da ke kare hannu daga yanka ma ta yi mata yawa, da roba take ɗaure ta.

Mazan ɗakin ba sa zaginta, sun fi haka wayo. Gajere, wanda ke tsayawa kusa da ita, shi ne gwanin. Yau katakonta ya ɓace, sai ta same shi a bayan kwandon ƙashi. Gobe ya leƙo naman da ta yanka ya ce, “Uwargida, wannan na miya ne ko na kwastoma?” Sauran su kwashe da dariya, ita ma ta ɗan yi, don in ba ta yi ba a ce ba ta san wasa ba.

Baba ne kaɗai ya karɓe ta hannu bibbiyu. Shi ne babba a teburin, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ya koya wa rabin ɗakin aiki. A wannan sana’a kowa shi ke wasa wuƙarsa, ba mai taɓa ta wani. Amma tun ranar farko Baba ya miƙa hannu ya ce, “Kawo nan, ’yata.” Ya zauna gaban dutse ya wasa mata ita da kansa, kuma kullum da safe haka. Ko ɗan cikinsa bai yi wa wannan gatan ba, kowa ya sani.

Wuƙar kam tana fitowa da kaifi kamar reza. Sai dai ba ta bin ƙashi. Da Bahaguwa ta sa ta a cinya sai ta zame ta shige cikin tsoka, dole ta murɗa wuyan hannu ta dawo da ita. Haka za ta wuni tana kokawa da wuƙarta, nama na maƙalewa a ƙashi, aiki na taruwa a gabanta. Da yamma ko marfin kwalba ba ta iya buɗewa. Mahaifiyarta ce ke shafa mata man zafi tana mita.

“Ni dai ban ga abin da kika rasa a ɗakin wanki ba. Can aƙalla kina dawowa da hannunki.”

“Inna, don Allah ki shafa kawai.”

Ta ɗauka rashin ƙarfinta ne, kamar yadda kowa ya ɗauka. Sai ranar da Baba ya tafi asibiti saboda gwiwar, ta zauna gaban dutsen da kanta, ta wasa wuƙar yadda hannunta ya ba ta. Washin bai yi kyau ba, amma wuƙar ta kwanta a jikin ƙashi ta bi shi salin alin. Nan ta gane. Baba da dama yake aiki, duk rayuwarsa gefe ɗaya na bakin wuƙa ya ɗan fi kwantarwa a kan dutse, bai ma san yana yi ba. Wuƙar da ya wasa hannun dama take yi wa biyayya.

Washegari ya dawo, ya ɗaga wuƙar ya duba bakinta a hasken fitila, ya ɓata rai.

“Wane mugun ne ya lalata miki wuƙa?”

“Ni ce, Baba. Ina ganin tunda da hagu nake…”

“Haba ’yata! Ina raye ki zauna gaban dutse? Me za a ce da ni?”

Ya gyara abarsa tsaf, ya miƙo mata yana murmushi. To, yaya za ta yi? Ta ce wa dattijo a gaban yaran da ya koya wa aiki cewa washinsa ne ke kashe mata hannu? Ta karɓa ta ce ta gode.

Da gwajin ya zo ƙarshe aka kira ta ofis. Manaja bai ɓata lokaci ba: saurinta bai kai ba, kuma tana barin nama a ƙashi. Madam ta gyara zama ta ce, “Faɗa min gaskiya, akwai mai hana ki aiki a ɗakin nan?”

Gajere ne ya fara faɗo mata a rai. Amma me za ta ce ya yi? Wasa? Kuma gobe ita za ta tsaya kusa da shi, ba Madam ba. Ta tuna warin ɗakin wanki. Sai ta faɗi abin da ta san shi ne dalili, ta yi bayanin wuƙa da dutse da hagu da dama, ta roƙa a ƙara mata lokaci.

Idon Madam ya yi haske. “Wato ba ya barin ki taɓa kayan aikinki.”

“A’a Madam, taimako ne yake yi. Duk ɗakin shi kaɗai ne…”

“Duk haka suke cewa. Kar ki ji tsoro, don irin wannan aka kawo ni.”

Ba muguwa ba ce Madam, wallahi. Ta daɗe tana jiran abin da za ta kama ta nuna ana aiki, ga shi an kawo mata har tebur. Bahaguwa ta yi ta magana, amma ta lura ba a jin ta, an riga an gama ji.

Aka ƙara mata lokaci. Aka cire Baba daga teburin aka mayar da shi ɗakin sanyi, yana jera kwalayen nama. Da aka duba wanda ya fi daɗewa bayansa don ya zama babba, sai ga Gajere. Ba wanda ya sake ɓoye mata katako, ba kuma wanda ya sake ce mata uffan. In ta shigo sai hira ta mutu. Ita ke wasa wuƙarta yanzu, hannun ya lafa, aiki ya daina taruwa a gabanta, kuma ba a jima ba manaja ya tabbatar da ita. Madam har rungume ta ta yi. Bahaguwa ta nemi farin cikin a ranta ta rasa, gajiya kawai ta tarar.

Ta yi ta kauce wa hanyar ɗakin sanyi, har ranar da aka aike ta da tiren nama can. Tana isa ƙofar Baba na fitowa cikin ƙatuwar rigar sanyi, yana dafa bango. Ya rame. Ta ajiye tiren ta durƙusa.

“Baba, wallahi ba haka na faɗa musu ba.”

“Tashi, tashi, ƙasan da sanyi.” Ya tsaya yana maida numfashi. “An ce min hannunki na yi ta cutarwa. Ni kuwa ina ta jin daɗi ina yi wa ’yata alheri.”

Ya dubi hannunta na hagu ya daɗe.

“Wuƙar tana ci yanzu?”

Ta so a ce za ta iya cewa a’a.

“Tana ci, Baba.”

“To madalla,” in ji shi. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki tiren, ya tura ƙofar da kafaɗa ya shige cikin sanyin yana jan ƙafa.