Hannun Yahuza

Na'Allah mutum ne da ba ya ganin abu mai araha ya wuce. Shagon waya gare shi a unguwar Chow Kit, can ƙasar waje, amma sai ga shi ya sayi wani ɗan jirgin ruwa mai inji, na hannu, ya kai shi tafkin bayan gari, tsohon ramin haƙar kuza. Wai zai riƙa jan ɗalibai da igiya ranar Asabar, su tsaya kan allunan zamiya suna gudu a kan ruwa. Bai sha wahalar neman direba ba. Yahuza, mijin Sakinatu, wadda ke karatun digiri na uku a unguwar Pantai Dalam, ɗan Yauri ne, a cikin kwalekwale ya tashi.

Sakinatu ce ma ta roƙa masa aikin. Tun da aka bugo waya daga gida aka ce ƙaninsa Kalilu ya faɗa kogi, farfelar jirgin da ya ɗauko su ta sare shi, Yahuza ya zauna a ɗaki. Bai yi kuka ba. In an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba bai tambaya. Tafkin nan ne kaɗai ya sa ya sake sanya takalmi ya fita, kuma ta sani sarai in ya rasa aikin, ɗaki zai koma.

Matsalar ɗaya ce: jirgin ba ya tayar da mutum. Mai zamiya zai tsuguna cikin ruwa riƙe da igiya, ya ce a ja, sai a yi ta jan sa kamar jiƙaƙƙen buhu har ya sha ruwa ya saki.

"Injin ne ba shi da ƙarfin tashi," in ji Yahuza.

Ya kwance farfela ya sa wata wadda ta fi ja, ko da za ta rage gudu. Ya fitar da jirgin tudu ya kankare gansakukar ƙasansa tas. Tankin mai da batir ya mai da su gaba, don hancin jirgin ya daina kallon sama. Ya canza fulogi, ya kafa sanda mai tsayi ya ɗaura igiyar a kai don ta riƙa ɗaga mutum. Duk a shiru yake yi, ba gaggawa, ba kuma alamar yana jin daɗi. In ya gwada jirgin shi kaɗai, tashi yake kamar an tsikari doki. Da an sa mutum a baya, sai a koma gidan jiya.

Ran nan Na'Allah ya zo da abokinsa Azlan, ɗan ƙasar, wanda ya daɗe yana jan masu zamiya.

"Malam Yahuza, kwastomomi sun gaji, lah," ya ce da irin maganar 'yan ƙasar, yana fama da igiyar rigar ruwa a kan tumbinsa. "Yau ni zan shiga da kaina."

Ya shiga, Azlan ya zauna gefen Yahuza. Na'Allah ya yi ihu, "Ja!" Igiya ta miƙe, ya ɗago har ƙirji, sannan ya koma yana tari.

Azlan bai dubi inji ba. Da Turanci ya ce, "Jirgin nan lafiya lau yake. Hannunka ne. Da igiya ta miƙe sai ka sassauta totur."

Yahuza ya dubi hannun nasa. Bai san yana yi ba. A Yauri, abin da mahaifinsu ya fara koya musu ke nan, tun kafin su iya riƙe filafilin tuƙa kwalekwale: mutum a ruwa, inji a kashe. Wanda ya manta, jikinsa ya gaya masa. Direban da ya ɗauko Kalilu bai kashe ba.

"A sake!" Na'Allah ya kira daga cikin ruwa. "Ka danna har ƙarshe. Boleh? Za ka iya?"

"To, Alhaji."

Ya waiwaya. Kan Na'Allah ne kawai a saman ruwa, a bayan inji. Ya danna da niyyarsa duka, igiya ta miƙe, hannun ya dawo da kansa.

Ba wanda ya ce masa ya tashi. Ya kai jirgin bakin ruwa ya sauka, Azlan ya koma mazaunin direba. Ja ɗaya, Na'Allah ya miƙe tsaye da tumbinsa da komai, yana ihun murna har can tsakiyar tafki. Duk gyaran da Yahuza ya yi ya ci. Ya tsaya yana kallo, bai ji daɗi ba, bai ji zafi ba.

Da suka dawo, Na'Allah ya dafa kafaɗarsa, yana ɗigar ruwa. "Wallahi gyara kam ka iya. Tuƙin ne dai... bari Azlan ya riƙe mana tukuna. Zan neme ka."

"Ba komai, Alhaji."

Ya tarar da Sakinatu a kan kwamfuta. Ta ɗago da sauri.

"Sannu da zuwa. Jirgin ya gyaru?"

"Ya gyaru."

Ya zauna bakin gado ya cire takalmansa, ya karkaɗe yashin tafkin, ya tura su can ƙarƙashin gado.