Bakancen Hala Damyana

Ƙarar faɗuwar tasa ce ta tsallako katanga, sai tari ya biyo bayanta. Rahmatu ta yar da tsintsiya, ta duƙa ta bi ta naffaj, 'yar ƙofar nan da aka huda tsakanin gidansu da na maƙwabciyarta, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

A bakin madafa ta tarar da Hala Damyana, wato Inna Damyana a Larabcin garin, zaune dirshan, fulawa ta yi mata buɗu-buɗu daga cinya har ƙafa. Matar da likita ya ce kada ta kuskura ta sauko daga gado!

"Innalillahi! Hala, so kike ki ƙarasa kanki?"

"Na gode wa Ubangiji, a kan buhu na faɗi, ba a kan siminti ba," in ji tsohuwar tana haki. "Ɗaga ni, ya bitti, 'yata. Yau sha biyu ga wata."

Haka take, wallahi. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka kawo Rahmatu wannan layi na Umdurman tana amarya, ba ta taɓa ganin abin da zai sami matar nan ta rasa inda za ta maƙala godiya ba. A ɗauke wuta, ta gode da aka huta da surutun rediyo. Kurciyoyi su ɓata mata shanya, ta gode da suka zaɓi bishiyar lemonta. Kirista ce, cikin Ƙibɗawan da suka zauna garin tun kafin kakan Rahmatu ya taso daga Katsina a ƙafa zai je Makka, ya iso nan ya yada zangon da har yau ba a tashi ba.

Zancen sha biyu ga wata kuwa, duk layin babu wanda bai san shi ba. Shekarar da sanƙarau ya shiga gari, ya kama ɗan tsohuwar tilo, Girgis, yana ɗan shekara shida, har an fid da rai. Ta durƙusa ta yi bakance: in Allah ya bar mata shi, ran sha biyu ga kowane wata a lissafin cocinsu, ranar da suke tunawa da Mala'ika Mika'ilu, za ta gasa burodin godiya ta raba wa mutane muddin tana numfashi. Yaro ya tashi. Yau shekara talatin da uku, ko wata guda ba ta tsallake ba, har da watan da ta binne mijinta.

Rahmatu ta ciccibe ta, ba nauyi ko kaɗan, ta mayar da ita kan gadon igiyar da ke ƙarƙashin rumfa.

"Girgis na hanya daga Bur Sudan, gobe da safe zai iso. Ki bari ya zo mana, Hala."

"Gobe sha uku." Ta kama gefen mayafin Rahmatu. "Ba ƙarin kwana nake roƙo ba, ya bitti, na sami rabona har da ƙari. Kunya nake ji in je gaban Ubangiji na saɓa alkawari a watana na ƙarshe. Shi bai saɓa mini ko rana ɗaya ba."

Wa za a kira? Danginta na coci wasu suna Alƙahira, wasu sun wuce can ƙasashen Turawa, 'yan tsirarun da suka rage tsofaffi ne irinta. Rahmatu ta tsaya riƙe da tasar da ta faɗi, zuciyarta na kai-kawo. Kwaɓi ba shi ne damuwarta ba. Kullum faranti biyu Hala take yi: ɗaya ta danna masa hatimin katako mai gicciye, wanda marigayi mijinta kafinta ya sassaƙa mata, na mutanen coci ke nan, ɗaya ta bar shi babu alama, na maƙwabta Musulmi. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi haka, ita ta ga ya dace. Mai gicciyen kuwa shi ne ainihin bakancen. To Rahmatu ɗiyar Malam Adamu ce, ta san hannunta ba zai danna gicciye ba. Tsohuwar ma ta sani, shi ya sa ta rarrafa madafa ita kaɗai ba ta kira kowa ba.

"Ina man shanun yake?" in ji Rahmatu.

Ta jawo tabarma gefen gadon, ta zuba fulawa, sukari da yis, ta tsiyaya madara mai ɗumi, ta zura hannu. "Bismillahi."

Sai ta ji wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Shekara talatin da uku Mika'ilu yana jin nawa, yau ya ji naki. Ci gaba, ai ya san mu duka biyu."

Wai mara lafiya! Bakin nan bai huta ba. "Ke, tuwo kike tuƙawa? Da tafin hannu, a hankali. Ƙara mai, kada ki yi wa mala'ika rowa." Rahmatu ta kwaɓa har kafaɗunta suka yi tsami, ta lulluɓe tasar da tsumma, ta koma gida ta yi sallar azahar. Ko da ta dawo, kwaɓin ya tashi ya ture tsumman. Ta mulmula, ta jera faranti biyu.

Daga nan ta ɗauko hatimin daga saman kabad, ta ajiye ƙaramin farantin a kan cinyar tsohuwar.

"Ungo, Hala. Ni na kwaɓa, amma wannan aikin hannunki ne."

Hala Damyana ta dube ta, idanunta suka ciko. Ta yunƙura, hannun ya ƙi ɗaguwa. Sai Rahmatu ta hau gadon ta bayanta, ta jingina ta da ƙirjinta, ta tallafo gwiwar hannun kawai, ba ta wuce nan ba. Tsohuwar ta motsa leɓe tana addu'arta, ta tattara duk abin da ya rage mata, ta danna. Hatimin ya shiga, ya ɗan zame. Gumi ya keto mata. Ta gwada na biyu, katakon ya sulale daga yatsunta ya faɗa kan zane.

"Guda ɗaya," ta ce, numfashinta sama-sama. "Na gode, ya Rabbi. Guda ɗaya ma na samu."

Gas ya yi mako biyu da ƙarewa a unguwar, sai dai a kai furun, gidan burodin da ke ƙarshen layi. Rahmatu ta ɗora babban farantin a ka, ƙaramin a tafin hannu, ta fito cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa. Mazan da ke zaune wajen mai shayi suka bi ƙaramin farantin da kallo. Ta ga suna kallo, ba ta kuwa rufe shi ba, ba ta ƙara sauri ba. Wani daɗi ma take ji har cikin ranta, ita ce yau ta ɗauko kayan Hala Damyana.

Almahdi mai furun ya leƙa, ya ɗaga gira. "Ya Rahmatu, ɗiyar Malam Adamu ce da gicciye a hannu?"

"Mai shi ce ta sa da hannunta, ya Almahdi, ni ƙafa na ara mata. Buɗe tanda. Kuma in ka ƙona mini wannan na tsakiya, ni da kai ne."

"Jikin ne?"

"Jikin ne."

Ya buɗe tandar. Ya ture nasa kwaɓin gefe ya sa nata, ga layin masu jiran burodi har bakin titi. Ba wanda ya yi ƙorafi, don babu wanda bai taɓa cin na Hala ba a cikinsu.

Da burodin ya fito ja-ja-jur yana ƙamshin man shanu, ta fara kai wa tsohuwar ta shaƙa. Ta naɗe mai alamar a farin ƙyalle ta ajiye, ta ɗauki sauran ta bi gida-gida, tana sallama tana cewa, "Daga Hala Damyana, na wannan watan." Wasu matan suka karɓa suna share hawaye.

Bayan la'asar ta dawo da faranti wayam. Inuwar lemon ta kai kan gadon.

"Kin kai wa Hanadi mai jego?"

"Na kai, har biyu na ba ta."

"Gidan Ɗantsoho fa? Ba shi da haƙori, a jiƙa masa da shayi."

"Na gaya musu."

"Madalla. Na gode..."

Rahmatu ta ci gaba da lissafa mata: gidan Muhammad Sani direban raksha mai ƙafa uku, mutanen nan da suka yi gudun hijira suke kwana a kangon bayan masallaci, shi kansa Almahdi da ta tilasta wa ya ɗauki guda. Sai da ta kai ƙarshen layi ta lura babu mai amsa mata. Ta daɗe riƙe da hannun tsohuwar kafin ta miƙa nata ta rufe mata ido.

Washegari da hantsi raksha ta sauke Girgis. Ƙaton mutum, furfura ta fara cin gemunsa, jaka a kafaɗa. Tun daga bakin titi ya ga tabarmin da maƙwabta suka shimfiɗa, ya gane. Maza suka taso suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya. Da ya shigo tsakar gida, Rahmatu ta tare shi da farin ƙyallen a hannu biyu.

"Yayana Girgis, Allah ya ba mu haƙuri. Jiya sha biyu ga wata." Kanta a ɗage yake. "Ba ta tsallake ba. Da hannunta ta sa."

Ya sauke jakar, ya warware ƙyallen. Gicciyen ya karkace, rabinsa ma bai fito sosai ba. A gefensa akwai wani ɗan lotsi, inda babban yatsan mahaifiyarsa ya nutse cikin kwaɓin lokacin da hatimin ya zame.

Girgis ya zauna a dokin ƙofar madafa, burodin a kan gwiwarsa. A hankali ya ɗora babban yatsansa a cikin lotsin, ya bar shi a nan.