Hannun Auta a Bakin Inji

Ihun ya kai ofis kafin ɗan aike. Da Tafinta ya shiga ɗakin aiki, ya tarar da Auta, ƙanin matarsa, a durƙushe, hannunsa na dama ya shige tsakanin ƙarafan sabon injin matse kwali. An kashe wuta, amma injin bai saki ba.

"Yaya," in ji Auta, "don Allah kar a gaya wa Inna."

Manaja ya cusa wa Tafinta waya a hannu. "Injiniyan da ya ƙera shi ne. Turancinsa ya gudu, Japananci kawai yake zubawa. Yau dai albashinka zai halatta."

Tafinta ya sha karatun Japananci a jami'a, har ya rubuta kundi kan falsafar tafiyar da masana'antu. Ya san yadda ake cewa ɗorewar tattalin arziki. Kalmomin da yaran goye ke wasa da su kuwa ya tsallake su, tunda ba a ba da digiri a kansu.

Ya fahimci rabin bayanin, rabin da ba ya ceton kowa: a bayan injin akwai sanduna biyu, ɗaya tana buɗe ƙarafan, ɗayar tana ƙara matse su. Daga nan injiniyan ya dinga maimaita wata gajeriyar kalma da ƙarfi.

"Me ya ce?" in ji Manaja.

"Yana bayani."

"Bayanin uwar me? Wacce za mu taɓa?"

Yatsun Auta da ke leƙowa ta ɗaya gefen sun fara baƙi. Tafinta ne ya samo wa yaron aikin nan. Ya hango kansa a ƙofar gida yana neman ta inda zai fara wa matarsa magana. Ya roƙi injiniyan ya maimaita, cikin ladabin da ya dace da fada. Injiniyan ya maimaita, da tsawa.

Sai Tafinta ya kunna kyamarar wayar, ya zaga bayan injin, ya ɗora tafinsa a kan sandar dama. Mutumin ya zabura yana kaɗa hannu biyu kamar mai korar gobara. Ya mayar da tafin kan ɗayar. Mutumin ya gyaɗa kai har gilashinsa ya zame.

Tafinta ya ja sandar. Ƙarafan suka buɗe da ƙara.

A motar asibiti, da hannu ɗaya, Tafinta ya lalubo ma'anar kalmar a waya. Hagu.

Auta ya buɗe ido daga kan cinyar Tafinta, tawul ɗin da aka naɗe masa hannu da shi ya jiƙe jawur. "Yaya, wallahi karatu ya yi rana. Da ba ka jin yarensu, da yanzu ba ni da hannu."

Tafinta ya kife wayar.

"Rufe ido," ya ce. "Mun kusa."