Rawar Motar Haliru

Malam Attahiru bakanike ne a Gusau. Garejinsa yana bakin titi kafin a shiga Damba, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya wadda baƙin mai ya riga ya rine gindinta. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Direbobi suna cewa da kunne yake aiki, tun mota ba ta tsaya ba ya san ciwonta. Shi ma ya ji wannan yabon har ya yarda da shi.

Wata Litinin da hantsi, cikin damina, Haliru ya shigo da motarsa. Haliru mijin ƙanwarsa Hanatu ne. A Bungudu suke zaune, shi kuma yana jigilar fasinja daga Gusau zuwa Tsafe, wani lokaci har Kucheri. Mutum ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da Attahiru ba tun ranar da aka ɗaura masa aure. Ya kashe mota, ya fito, ya rusuna ya gaishe shi.

"Yaya, motar ga ce ke ba ni tsoro," in ji Haliru. "In tana tsaye lahiya lau. In ina tahiya a hankali ma lahiya lau. Amma da na taka totur, balle in da lodi ko ana hawan tudu, sai ta kama rawa har cikin kujera. In na ɗage ƙafa sai ta bari."

Attahiru ya san abin da ke kawo irin wannan bai wuce huɗu ba. Ko filogi ne ya mutu, ko robobin da inji ke zaune a kansu sun tsage, ko taya ta yi ƙulu, ko kuwa shaf ne, wato ƙarfen da ke ɗauko ƙarfi daga giya ya kai wa tayar gaba. Ya kuma san yadda ake rarrabe su: a shiga motar a hau titi a taka ta, sannan a dawo a ɗaga ta a leƙa ƙasa. Amma ranar gareji a cike yake. Ga wani Alhaji zaune a benci tun safe yana duba agogo, an kwance masa inji, zai tafi Sakkwato. Attahiru ya buɗe bonet, ya ce Haliru ya tayar. Ya kasa kunne, ya ji injin yana ɗan tsallake. Ya zaro filogi, ya ga ɗaya ya yi baƙi ƙirin.

"Ga ɓarawonka nan," ya ce, yana nuna masa. Ya sa sababbi guda huɗu, ya rufe bonet, ya buga shi da tafin hannu. "Tahi abinka. Ka gaida Hanatu."

Haliru ya yi godiya har sau uku, ya ja mota ya tafi.

Ranar Alhamis bayan la'asar wayar Attahiru ta yi ƙara. Ɗahiru ne, wani ɗan kamasho a tashar Tsafe. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce 'yan bindiga sun tare hanya tsakanin Tsafe da Kucheri, sun harbe Haliru, sun shiga daji da mutum huɗu daga motarsa. Attahiru yana riƙe da sifana a lokacin. Bai san sa'ad da ya ajiye ta ba, sai ganin kansa ya yi zaune a ƙasa yana salati.

Washegari aka yi jana'iza a Bungudu. Attahiru ne ya shiga kabari ya karɓi gawar. Ya zauna zaman makoki kwana uku, yana amsa ta'aziyya, yana ba ƙanwarsa haƙuri ta bakin ƙofa. Duk wannan lokacin bai kawo maganar mota a ransa ba. Kowa ya san halin hanyar. Wanda aka tare, an tare shi ke nan.

Bayan mako guda direbobin tasha suka jawo motar da igiya suka kawo masa. Gilashin gaba yana da huji biyu. Sun wanke kujerar direba, amma ba ta fita duka ba. Attahiru ya sa aka tura ta bayan gareji, ya lulluɓe ta da tamfol, ya daina bi ta wajen.

Ana nan sai wani dattijo ya yi sallama da safe, da sanda da malafa. Ya ce sunansa Tambaya, makiyayi ne daga rugar da ke bayan Kucheri, yana cikin motar ranar da abin ya faru. An ce masa nan aka kawo ta, shi ne ya zo ya ɗauki buhun kanwar shanunsa da ya bari a but. Attahiru ya ba shi benci da ruwa, ya tambaye shi yadda ya tsira.

"Tsufa ya tsirar da ni," in ji dattijon. "Sun ga ba ni iya tahiya, suka bar ni kwance bakin kwalta."

Ya sha ruwa, ya ci gaba da kansa, kamar wanda ya gaji da riƙe labarin.

"Mota uku muka taso daga Tsafe a jere, mu ne na baya. Muna fara hawan tudun nan sai ga su sun hito daga cikin dawa bisa babura. Ba su kai ga kwalta ba tukuna. Motoci biyun da ke gaba suka taka suka wuce. Shi ma direbanmu ya taka. Sai mota ta kama makyarkyata kamar mai masassara. Dama tun daga tasha take yi, amma wannan ya hi. Sai muka ji wani abu ya fashe a ƙasa. Inji na ta kuka, mota ba ta tahiya."

Attahiru ya katse shi. "Inji bai mutu ba?"

"Bai mutu ba, Malam. Kuka yake kamar zai tsage, mota kuwa har baya ta fara yi. Direban ya ce kowa ya gudu. Shi da ya gudu da ya shiga dawa, don ta gefensa babu kowa. Amma ƙofar baya ba ta buɗuwa ta ciki, ga wata mata da goyo. Ya zagayo ya buɗe mata. Nan suka same shi."

Da dattijon ya tafi da buhunsa, Attahiru ya yaye tamfol. Ya kawo jak ya ɗaga gaban motar, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shiga ƙasa. Bai ko kunna tocila ba. Robar da ke rufe kan shaf na ciki, ta gefen dama, a tsage take. Giris ɗin da ke cikinta ya fantsama a jikin giya, ya kama ƙura ya bushe ya yi tauri. Ya kankare shi da farce. Wannan ba tsagewar mako ɗaya ba ce, ta fi wata. Kan shaf ɗin ya daɗe yana juyawa a bushe, yana cin kansa, shi ya sa yake rawa in an ɗora masa nauyi, ya yi shiru in an sassauta. Ranar da aka taka shi da ƙarfi a kan tudu da mutum shida a ciki, ya tarwatse. Ya sa hannu ya jijjiga ƙarfen, gutsattsarin suka zubo masa a ƙirji.

Daga ɗaga motar zuwa ganin wannan, ko shayi ba a isa a shanye ba.

Ya daɗe a kwance. Muhammad Sani mai faci, maƙwabcinsa na shekara da shekaru, ya ga ƙafafu a waje ba sa motsi, ya zo ya leƙa. Attahiru ya fito ya nuna masa abin da ke hannunsa, ya gaya masa duka.

Muhammad Sani ya ce, "Malam, kwanansa ne ya ƙare. Ba kai ka riƙe bindiga ba. Ka zubar da ƙarfen ga, ka bar maganar nan. Mi za ta ƙara wa matar da ke takaba in ba baƙin ciki ba?"

"Na sani ba ni na harbe shi ba," in ji Attahiru. "Amma ya gaya mini ciwon da bakinsa, tiryan-tiryan. Ko wanda ya shekara ɗaya a gareji ya ji bayanin nan zai leƙa ƙasa."

Kwana biyu yana juya abin. A na uku ya rufe gareji bayan azahar ya hau mota zuwa Bungudu.

Ya tarar da Hanatu a ɗakinta, zaune a kan tabarma, ta rame. 'Ya'yanta biyu suna tsakar gida wajen kakarsu, mahaifiyar Haliru. Ya zauna daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya faɗa mata abin da ya kawo shi, bai rage komai ba: abin da Haliru ya ce, abin da shi ya yi, abin da ya gani a ƙarƙashin motar.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tabarma ta ce, "Na sani, Yaya."

"Kin san mi?"

"Na san ba ta gyaru ba. Ran Talata da ya dawo ya ce mini motar na nan yadda take. Na ce ya koma wurinka. Ya ce da wane ido zai dube ka ya ce aikinka bai yi ba, bayan ka bar motar Alhaji a gaban mutane ka duba tashi. Na ce to ya kai wa wani. Ya ce in ka ji labari ba za ka ji daɗi ba. Wai ya bari sai Juma'a, ya zo kamar zai canza mai, sai ya sako maganar a hankali."



"Ni ma ina da lambarka," in ji ta. "Na ɗauki waya ran Laraba, ya ce in na kira ka ransa zai ɓaci. Na ajiye."

Daga waje ana jin tsohuwa tana yi wa yaran faɗa kan su bar bakin rijiya.

"Ki yafe mini, Hanatu."

"Allah Ya yafe mu duka." Ta share fuska da bakin mayafi. "Abu ɗaya nike roƙo. Kar Inna ta ji. Ita dai ta san 'yan bindiga sun kashe mata ɗa, ta iya ɗaukar wannan. Ka bar ta haka." Ta ɗago ta dube shi. "Kuma ka ɗan yi mini nisa, Yaya, har in gama takaba. Ba fushi nike ba. In na gan ka, maganar ce ke dawowa."

Ya tashi ya fita. Tsohuwar ta tare shi a zaure tana sa masa albarka, tana cewa Haliru kullum yana faɗin kirkinsa. Ya tsaya ya saurara har ta gama, ya amsa da amin.

Ya gyara motar a cikin makon, ya sa sabon shaf da gilashi, ya mayar wa dangin Haliru. Sabiru ƙanen Haliru ne ke jan ta yanzu, amma tsakanin Bungudu da Gusau kawai, Inna ta hana shi hanyar Tsafe. Daga cikin mutum huɗun da aka shiga daji da su, uku sun dawo bayan kaka. Matar nan mai goyo tana cikinsu, ta dawo ba goyo. Na huɗun har yau babu labarinsa.

Hanatu ta gama takaba ta zauna a Bungudu wajen surukarta. Da ƙaramar salla ta aiko yaran Damba su yi wa kawunsu barka da salla. Ita ba ta zo ba tukuna.